Hoton da ya hana tafiya da hoton da ya ƙara nauyi: darussa daga shagunan Maraɗi

Duk wanda ya daɗe yana ciniki a Babbar Kasuwar Maraɗi ya san asara ba ta cika shigowa a lokacin da ake tayi da sallamawa ba. Tana shigowa ne daga baya, ta kayan da suka yi kwantai, da kayan da aka mayar, da zirga-zirgar da ba ta haifar da ko dala ba. A nan ne kuma shago yake ɓata muhalli: esansin da aka ƙona, ledar da aka naɗe, yadi da katakon da aka yanka a banza. Saboda haka, abin da aiki da fasahar duniyar kwaikwayo, wato nuna kaya ko shago a hoton waya ko kwamfuta kamar na zahiri, ya koya mini game da ɗorewar kasuwanci tambaya ce guda: me wannan hoton ya hana a yi a zahiri? In ya hana tafiya ɗaya, ko samfur ɗaya, ko mayar da kaya sau ɗaya, to ya biya kuɗinsa. In kuwa an yi shi, kuma aka ci gaba da yin duk abin da aka saba, to wuta da kuɗin intanet da na'ura ne aka ɗora a kan tsohon nauyi.

A fara raba abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri ɗaya da sunan wannan fasaha. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe ido ruf, mutum ya ga kansa cikin kantin da babu shi a doron ƙasa, irin Quest na kamfanin Meta ko Vision Pro da Apple ya fitar a Fabrairun 2024 kan dalar Amurka 3,499. Akwai wanda waya kaɗai yake buƙata: a ɗaga kyamara a ɗaki, gado ko kujera su bayyana a kan daɓe da girmansu na gaskiya. Manhajar IKEA Place ta 2017 ce ta sa wannan ya yi suna. Sai kuma kwafin shago ko magaza da ake ginawa a cikin kwamfuta, a riƙa gwada jerin kaya da ajiya kafin a ɗaga kwali ko ɗaya.

Gilashin fuska ba zai ɗauke mu dogon lokaci ba, don a yanayinmu da wuya ya ci riba. Quest 3 ya fito a Oktoban 2023 kan dalar Amurka 499, kusan jika 300 ke nan tun kafin dako da kuɗin duwan. Batirinsa awa biyu ne da ɗan kai. Batirin irin wannan na'ura ba ya jure zafi, mu kuma a Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. Apple kansa cewa yake yi a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35. Madubin da ke cikin gilashin yana tara haske, in yaron shago ya ajiye shi a kan kanta rana ta haska cikinsa na ɗan lokaci, sai allon ya ƙone, tabon kuma ba ya fita. Ƙurar hunturu tana karce madubin in aka goge da gefen riga. Sannan soso ɗaya ne zai taɓa fuskar mutum 30 a yini, lokacin da ciwon ido ke yawo a gari. In ya lalace, masu gyaran waya ba su da kayansa. Ko manyan ba su tsira ba: a 2018 Walmart ya raba gilashin Oculus Go kusan 17,000 a kantunansa na Amurka don horar da ma'aikata, a 2020 aka daina sayar da samfurin. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, kashi 22 cikin 100 kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Namu ya fi ƙarewa a bola, yara su ƙona don su ciro waya. Mafi yawan hayaƙin da wayar hannu ke jawowa a tsawon rayuwarta a masana'anta ake fitar da shi, ba a wajen caji ba, shi ya sa na'urar da ta fi sauƙi ga muhalli ita ce wadda mai saye ya riga ya mallaka tana aljihunsa.

Inda abin ya fi nuna amfani shi ne kayan ɗaki. Uwar amarya a Dakwaro ko Tasawa, sama da kilomita 100 daga gari, takan zo ta gani, ta koma ta yi shawara, ta dawo ta biya, sannan a yi lodin gado da kujeru da sif a mota. A isa a tarar gadon ya cinye ɗakin, sif ya tare taga. Daga nan ko a dawo da kaya, ko a kira kafinta ya rage, ko a haƙura da su. A Amurka ana ƙirga irin wannan: ƙungiyar masu kantunansu ta ce a 2023 an mayar da kayan dalar Amurka biliyan 743, kashi 14.5 cikin 100 na ciniki, a cinikin intanet kuwa kashi 17.6. Mu ba mu rubutawa. A baki ana cewa in an saya an saya, amma tsohuwar abokiyar ciniki ko surukar maƙwabci ba a iya ce mata a'a. Wanda ya fi muni ma shi ne wanda bai mayar ba: kaya na jibge a gida ba a amfani da su, shi kuma ba zai sake taka shagonka ba.

Siffar gado, wato hotonsa da ake iya gani ta kowane ɓangare, wadda za a ɗora a ɗakin mai saye ta kyamarar waya, tana da sharuɗɗa, kuma yawancin kuskure a awo yake. Manhaja ba ta san girman gadon ba sai an gaya mata. A auna tsawo da faɗi da tsayi da tef, a santimita, a shigar da su cikin fayil, sannan a gwada a shago: a ɗora siffar kusa da gadon gaskiya, a duba ko kusurwoyinsu sun yi daidai. Bambancin kashi 5 cikin 100 a gado mai tsawon santimita 200 ya zama santimita 10, wannan kuwa ya isa ya hana ƙofar sif buɗewa. A ɓangaren mai saye, waya tana gane daɓe ne ta hanyar zane da tabon da ke jikinsa. Simintin da ya yi sumul kala ɗaya, ko tayil mai ƙyalli, ko ɗaki mai duhu, duk suna sa siffar ta riƙa zamewa ko ta tsaya a iska. Maganinsa mai sauƙi ne: a buɗe taga, a shimfiɗa tabarma ko darduma mai zane, a motsa wayar a hankali hagu da dama na daƙiƙa 10 kafin a ɗora kaya.

Akwai abin da siffar ba za ta taɓa faɗa ba. Tana ajiye gado a tsakiyar ɗaki, amma ba ta biyo da shi ta zaure. Dole saƙon da ake tura wa mai saye ya ƙunshi wannan: "Hajiya, don Allah a sa yaro ya auna mana faɗin ƙofar ɗakin da ta zaure, a kuma ɗauko mana hoton kwanar da za a bi." Ƙofofin ɗaki da yawa ba su wuce santimita 80 zuwa 90 ba. In allon kan gado bai kwancewa, to komai kyan da ya yi a waya, a tsakar gida zai kwana. Kuma ba kowace waya ke iya wannan aiki ba. Ƙananan wayoyin Android masu araha da yawa ba su cikin waɗanda ARCore, tsarin Google na ɗora siffa a ɗaki, ke aiki a kansu. Don haka kowace siffa a haɗa ta da gajeren bidiyo na zagaye da hoton da aka rubuta awo a jikinsa, kada mai ƙaramar waya ya tashi a tutar babu.

Yin siffar kanta ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A ajiye abin a inuwa mai haske, ba cikin rana ba, kuma ban da filasha, don inuwar da ta kwanta a jikin kaya za ta manne a siffar har abada. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, rubutun yana taimaka wa manhaja ta gane inda kyamara take. A zagaya ana ɗauka, kowane hoto a matsa kamar digiri 10, hoto 36 ke nan a zagaye ɗaya. A yi zagaye uku, daga ƙasa, daga tsakiya, daga sama, a samu 108. Kowane hoto ya haɗa da kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. A kulle hasken kyamara kada ya riƙa canzawa da kansa. Daga nan Polycam ko KIRI Engine a waya, ko Meshroom a kwamfuta, za su haɗa hotunan. Takalmin fata, jakar fatar jar akuya, kwando, tukunyar ƙasa, turmi, duk suna fitowa tsaf, domin jikinsu na da zane kuma ba ya ƙyalli. Tukwanen silba, tangaran, madubi, gado mai fenti mai sheƙi kuwa sai su fito da ramuka da ƙulli, saboda ƙyallin yana bin kyamara duk inda ta juya, manhaja ta ɗauka abin ne ke motsi. Irin waɗannan kada a ɓata lokaci a kansu, a zana su da hannu a manhajar zane ta Blender ko SketchUp daga awo. Blender kyauta ne, kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da suka iya zanen gini ba za su sha wuya wajen koyonsa ba.

Abin da manhaja ke fitarwa da farko nauyi ne da shi, sau da yawa megabayit 50 ko fiye. In mutum 200 suka buɗe shi, gigabayit 10 ke nan daga aljihun masu saye, kuma rabinsu za su rufe kafin ya gama sauka in rezo na Airtel ko Moov ko Zamani ya yi rauni a ƙauyensu. A rage ƙananan fuskokin siffar daga miliyan zuwa 50,000 ko ƙasa da haka, a mayar da hoton jikinta ɗigon allo (pixel) 2048 a faɗi da tsawo, a adana a tsarin fayil ɗin siffa da ake kira GLB. Burin shi ne kada ya wuce megabayit 5. A allon waya ido ba ya ganin bambancin.

Yanzu lissafin wuta, wanda masu tallar wannan fasaha ba su son a yi. Lita ɗaya ta esansi tana fitar da kusan kilo 2.3 na hayaƙin kabon, gazuwal kusan 2.7. Kabu-kabu da ke shan lita 3 a kilomita 100, in ya je ya dawo kilomita 10 cikin gari, ya ƙona kashi uku cikin goma na lita, kilo 0.7 ke nan. Babbar kwamfuta mai haɗa hotuna tana jan wat 400. In an ɗauke kuran aka tada ƙaramin gurup mai shan rabin lita a awa, aka yi awa 3 ana haɗa siffa ɗaya, an ƙona lita ɗaya da rabi, kusan kilo 3.5. Ma'ana sai siffar ta hana tafiya biyar a kabu-kabu kafin ta biya bashin hayaƙin da aka yi wajen ƙera ta. Ga gadon da za a yi shekara biyu ana sayar da irinsa, wannan ba komai ba ne, tafiya ɗaya ta mota zuwa Dakwaro ta ninka shi. Ga takalmin yayi da guda 12 kawai aka saro, asara ce tsantsa, hoto huɗu masu kyau sun wadatar. Wannan ita ce ƙa'idar zaɓe: kaya mai nauyi, mai tsada, mai daɗewa a kasuwa, wanda kuskuren awonsa ke jawo dako. Saura a bar su da hoto da bidiyo.

Ɗauke wuta ba zato ba ne a nan. Layin da ke ba Maraɗi wuta daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, ba ta mayar ba sai Maris na 2024. Duk tsarin da zai tsaya cak in babu kuran ba na nan ba ne. Fanon hasken rana mai wat 300 yana ba da kusan kilowat-awa 1.2 zuwa 1.5 a yini a ranarmu, in ana goge masa ƙura. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai jan wat 60 za ta yi aikin, sai dai ta fi jinkiri. A jera aikin haɗa hotuna tsakanin hantsi da la'asar lokacin da fanon ke bayarwa kai tsaye, kada a bar shi sai dare a riƙa tsotse batir. In kuma an tura hotunan manhaja ta haɗa su a intanet, wutar ba ta ɓace ba, can aka sha ta a manyan rumbunan kwamfuta, waɗanda hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta sun ja kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024.

Ga masu atamfa da shadda da leshi, matsalar ba girma ba ce, kala ce. Shadda tana canza fuska da haske, waya kuma tana ƙara wa hoto armashi da kanta, ta mayar da ruwan toka shuɗi-shuɗi, ja ya koma ja wur. Ƙwan lantarkin shago yana nasa, allon mai saye yana nasa. Mace ta zaɓi turmi don anko, a kai mata, ta ce ba shi ba ne, kuma gaskiyarta. A ɗauki hoto da safe a inuwa, a wuri ɗaya kullum. A sa farar takarda ko katin ruwan toka a gefen yadin, a daidaita farin kyamara da shi, a kashe duk wani gyaran fuska da ƙarin kala. A yi bidiyon daƙiƙa 8 ana karkata yadin don a ga yadda yake sheƙi da yadda yake zuba. WhatsApp yana matse hoto, saƙar leshi ta dushe, saboda haka a tura shi a matsayin fayil. In anko ne na mutum 40, kada a dogara da allo ko kaɗan: a aika ƙyalle mai faɗin tafin hannu ta hannun direban tasha. Gani ya kori ji, amma a harkar yadi taɓawa ma tana korar gani.

Manyan kamfanonin tufafi suna amfani da manhajojin gwada ɗinki a kwamfuta irin su CLO 3D da Browzwear don su rage samfuran da ake ɗinkawa ana aikawa ta jirgi tsakanin masana'anta da ofis. Telan Maraɗi ba ya ɗinka samfur, don haka wannan ribar ba tasa ba ce. Tasa tana wajen aiki. Kafin allura ta taɓa shadda mai tsada, a nuna wa Alhaji zanen aikin wuya da aljihu a kan kalar shaddarsa, da kalar zare biyu ko uku, ya zaɓa, a adana zaɓin a saƙo. Aikin da aka yi ba ya warwaruwa ba tare da ya bar huji ba. Ana gab da Sallah, lokacin da keke ba ya hutawa kuma gurup na ci, riga ɗaya da ba a sake ba ta fi duk wata gwaninta. Tufafin da ake sayarwa don a sa wa mutum-mutumi a cikin wasa, irin abin da Nike da Gucci suka yi a dandalin wasannin intanet na Roblox a 2021, talla ce kawai. Babu wanda zai fasa ɗinkin Sallah don ya sayi rigar da ba ta rufe jiki.

Sari daga waje shi ne wurin da lamba ta fi girma. Zuwa da dawowa daga Kano zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin a jirgin sama ya haura kilomita 20,000, hayaƙin kujera ɗaya ya kai wajen tan biyu, daidai da dubban tafiye-tafiyen kabu-kabu. Baje kolin Kanton da ake yi a Guwanzu ya koma intanet a Yunin 2020 saboda korona, kuma tun daga lokacin masana'antu da yawa suka riƙe ɗakin nunin kaya na kwaikwayo. Mai zuwa sau huɗu a shekara zai iya mayar da shi sau ɗaya, na ƙulla amana da ganin masana'anta da ido. Sai dai siffar da masana'anta ke nunawa zane ne, ba kaya ba, kullum ta fi na gaskiya kyau. A nemi kiran bidiyo kai tsaye, a sa su ɗora tef a kan kayan, su ɗora shi a sikeli, su lanƙwasa shi, su juya bayansa. A yadi a tambayi nauyinsa a giram kan kowane murabba'in mita, a rubuta cikin yarjejeniya. Samfur ɗaya ya zo hannu kafin a biya cikon kuɗi. Kwantenar da ta zo ba daidai ba, musamman yanzu da hanya ta yi tsawo tun da iyakar Benin ta rufu a 2023, ba mai mayar da ita, a nan za ta ruɓe ko a karyar da ita.

A nan ne kuma tarko yake. Da oda ta yi sauƙi, sai mutum ya daina jiran jirgin ruwa, ya koma saro kaɗan-kaɗan kowane mako ta jirgin sama. Dakon sama yana fitar da hayaƙi ninki gommai a kan na ruwa ga kowane kilo. Wanda ya fasa tafiya uku amma ya mayar da kayansa sama, ba lallai ya rage komai ba. Haka abin yake a cikin gari. Da mutum kan shigo kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ya haɗa sayayya goma a tafiya ɗaya. Yanzu shago goma ne kowanne ke tura nasa babur, kowane ƙunshi da leda biyu ko uku, alhali tun 2014 doka ta hana irin wannan siririyar leda a Nijar, ga ta nan kuma tana toshe magudanai da damina tana cika cikin awaki. Abin da ke aiki shi ne a tsayar da lokacin kai kaya, sau biyu a yini, a haɗa na Zariya wuri ɗaya, na Ali Ɗan Sofo wuri ɗaya, na Tibiri da Madarunfa a bi motar da ta riga ta ɗauki hanya. Mai gaggawa ya biya kuɗin gaggawarsa. A sa kaya a jakar yadi ko kwalin da aka kwance, ɗan aike ya dawo da su.

Ribar da ta fi kowace a wajen kafinta da mai kujeru ita ce yin kaya bayan an yi oda. Maimakon saiti 10 a jere a bakin titi rana na cin yadinsu, ƙura na shiga soso, a ajiye biyu na taɓawa da zama, sauran kaloli da fasali su zauna a waya. Mai saye ya zaɓa, ya tura kafin alƙalami ta Nita ko Amana, sannan a yanka katako. Jari bai kwanta ba, katakon da ake kawowa daga kudu mai nisa bai tafi a abin da ba mai so ba. Sharaɗin dai cika alkawarin rana. In aka saɓa sau biyu, mutane za su koma wajen wanda kayansa ke ƙasa.

Kwafin shago a kwamfuta suna ne mai girma, amma tushensa littafin kaya ne. In littafi ya ce kwali 40 na madara, magaza ta ce 26, to kwafin ƙarya zai riƙa nunawa cikin kala mai kyau. A fara da ƙirga, da rubuta ranar lalacewar kowane kwali. Bayan haka manhajar Sweet Home 3D, wadda kyauta ce, ta isa a zana magaza da awonta a gwada jeri. Abubuwan da zanen ke tonawa sanannu ne amma ido ya saba da su: sabon kaya a gaba, tsoho a lungu har ranarsa ta wuce, madara da biskit da man shafawa a kantar sama dab da rufin kwano inda zafi ya fi, buhuna a kan siminti ba katako a ƙasa, damina ta zo su ja danshi, firiza manne da bangon yamma da ke shan ranar la'asar, ba tazara a bayanta. A bar mata santimita 10 aƙalla, a goge ƙurar ragar bayanta duk wata, injin zai riƙa hutawa. Ma'aunin zafi biyu masu araha, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a rubuta abin da suka nuna da azahar har mako biyu, sun fi duk wani zane gaya maka inda za ka ajiye me.

Kada kuma a gina a filin aro. Google ya rufe Poly, rumbunsa na siffofi, a 2021. Meta ya rufe Spark, dandalinsa na ɗora abu a fuska ta kyamara, a Janairun 2025, masu kantunan da suka biya aka yi musu gwajin tabarau da jan baki a Instagram suka wayi gari babu. Duk wanda aka ba kwangilar yin siffa, a rubuta cewa zai miƙa fayil ɗin GLB da ainihin hotunan, a ajiye su wuri biyu, ɗaya ba a intanet ba.

Mata da yawa da ba su fita kasuwa sun samu sauƙi da wannan, dillaliya ma ta rage ƙunshin da take ɗauka gida-gida, tana zuwa da waya da ƙyallaye, sai abin da aka zaɓa ta kawo. Amma gwajin mayafi ko tabarau a fuska yana nufin hoton fuskar matar aure, gwajin gado kuma yana nufin hoton cikin ɗakinta. A zaɓi manhajar da ke aiki a cikin wayar mai saye ba tare da ta tura hoton ko'ina ba. In an turo wa shago hoto don a duba awo, a goge shi da an gama, kuma kada ya zauna a wayar yaron shago. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma tun kafin hukuma ta ji, hoto ɗaya da ya fita ya isa ya rufe shago a unguwa.

Yadda za a san ko abin yana aiki, littafi ne mai layi biyar. Wata uku kafin a fara, a riƙa rubuta kayan da aka mayar da dalilinsu, girma ne ko kala ko lahani ko canza ra'ayi, kayan da suka wuce kwana 90 a kanta, litar esansi ta kai kaya, litar gurup, da kuɗin intanet. A fara da kaya biyar kawai, a ci gaba da rubutu wata uku. A kwatanta watanni masu kama da juna, don watan Sallah ko lokacin kaka da aure ke yawa ba a auna su da tsakiyar damina. Dalilin mayarwa shi ke nuna gyara: in girma ne, a koma ga awon siffa da ƙofa, in kala ce, a koma ga haske da katin ruwan toka, in lahani ne, matsalar tana wajen mai kawo kaya, hoto ba zai warkar da ita ba. Kayan da layinsa bai motsa ba bayan wata ukun, a daina yi masa siffa, a mayar da shi hoto huɗu da awo a rubuce, a ɗauki na shida a jerin a gwada.